Kwabban Kakana da Gwanjon Intanet

 

Kwanakin baya maiɗakina ta farka wajen ƙarfe biyu na dare ta tarar da ni a falo na ƙudundune cikin bargo, na zuba wa waya ido. Ta leƙo ta ga hoton wani tsohon kwabo mai huji a tsakiya, a ƙarƙashinsa agogo yana ƙirga mintocin da suka rage. Ta ce, "Abban Hafsa, saye za ka yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To sayarwa za ka yi?" Na ce a'a. Ta ce, "Allah Ya kyauta," ta koma ta kwanta. Ban ga laifinta ba, domin kuwa yau wajen shekara ashirin ke nan ina wannan zaman a gaban gwanjon eBay, kuma duk abin da na saya bai cika tafin hannu ba. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in bayyana abin da ke sa masu tara tsofaffin sulalla su riƙa gadin kayan da ba lallai su saya ba, in kuma faɗi nawa dalilin, wanda ya ɗan bambanta da na saura.

Labarin ya faro ne daga kakana na wajen uba, wanda aka sa mini sunansa, mu dai Malam muke ce masa. Daga ƙasar Kazaure ya taso a 1936 yana saurayi, ya zo cin rani don ya sami kuɗin haraji ya koma gida kafin damina. Hanyar ba sabuwa ba ce ga mutanenmu. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwannin ƙasar Hausa. Da kamfanonin Turawa suka kama haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, sai ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso nan a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927, mutane suka riƙa kwararowa daga ko'ina. Malam ya sami aikin ɗaukar kwanon ƙasa a wani bariki kusa da Bukuru, tare da Birom da Ngas da Tibi da Barebari, kowa da yarensa amma layin biya ɗaya. Damina ta zo ta wuce bai koma ba. Daga baya ya koyi ɗinki ya zauna a Gangare, a nan Allah Ya yi masa rasuwa a 1989.

Yaran yanzu suna cewa "ko sisi ba ni da shi" ko "ko anini ban samu ba", alhali ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba, don haka bari in ɗan warware. Anini goma ne kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ake kira ɗari, dattawa sun ce don a da wuri ɗari yake canzawa. Kwabo da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule. Sule biyu dala ko fataka, sule ashirin kuma fam guda. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sai mutane suka ɗauki tsofaffin sunayen suka liƙa wa sababbin kuɗin, kwabo goma ya zama sule, kwabo biyar ya zama sisi. Anini da ɗari da kwabo na zamanin Turawa su ne masu huji, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu a gaba. Malam bai yi boko ba, amma wannan rubutun yana karanta shi sarai. Sulen da aka fara biyansa da shi kuwa ruwan ɗorawa ne mai hoton bishiyar kwakwar manja, domin tun 1920 aka daina buga shi da azurfa aka koma tagulla mai ɗan haɗin kuza. Malam kan yi raha ya ce ƙasar da suka ɗauka a ka ita ce ta je Ingila ta dawo musu a aljihu, sai dai ta rame a hanya.

To Malam yana da wata al'ada. Duk lokacin da wani babban abu ya same shi, sai ya nemi sabon kuɗi mai huji na wannan shekarar, ya sa akawu ya duba masa lambar, ya zura shi a wata tsirkiya ya ƙulle. Takardar haihuwa ba shi da ita, ta aure ba shi da ita, hoton kansa ma guda ɗaya muka sani. Wannan tsirkiyar ita ce kundinsa. Ina ɗan firamare yakan ciro ta daga adaka ya ce, "Takwara, zo ka karanta mini boko." In karanta shekarar, shi kuma ya faɗi abin da ya faru. Kwabon 1936, isowarsa. Aninin 1942, aurensa da kakarmu, a shekarar da aka fara kamo mutane aikin tilas a ramukan kuza saboda Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, yakan ce bai taɓa ganin mutane suna mutuwa da sanyi da yunwa kamar lokacin ba. Na 1944, haihuwar 'yarsa ta fari. Na 1946, mahaifina. Na 1947, keken ɗinkinsa na farko. Jan kwabon 1956, gidan Gangare, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Jos. Na 1958, saukar Alƙur'anin mahaifina. Guda goma ne a tsirkiyar, biyu ja, takwas farare. Bakwai ke nan na lissafa muku. Sauran ukun kuwa sun kwanta mini, kuma su ne suka hana ni barci har yau.

Yadda muka rabu da ita ba dogon labari ba ne, duk wanda ke garin nan a lokacin yana da irinsa. Bayan rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, mahaifina ya ga gida ba wurin ajiya ba ne, ya kwashe adakar Malam da takardun fili da 'yan abubuwan da yake ji da su ya kai shagonsa a babbar kasuwar Taminus, a ganinsa ginin kankare ne mai masu gadi. A Fabrairun 2002 kasuwar ta ƙone. Ƙarfe ba ya zama toka, na sani, amma kafin mu sami shiga mu tona, an riga an tsince duk wani abu mai nauyi. Mahaifina bai ƙara ambaton tsirkiyar ba, ni kuma na ji nauyin tayar masa da zancen, ina ta cewa sai hankali ya kwanta. Ya rasu a 2011 ban tambaye shi shekarun nan uku ba. Wannan sakacin nawa ne, ba na kowa ba.

A 2005 ne, a wani shagon intanet da ke kan titin Ahmadu Bello, irin wanda ake sayen awa a ba ka 'yar takarda mai lamba, na rubuta sunan kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila don kawai in ga ko akwai hotonsu. Hoton ya riƙa buɗewa a hankali daga sama zuwa ƙasa, sai ga kambi, sai ga huji, sai ga rubutun Larabcin nan. Wallahi sai da na waiga in ga ko wani yana kallona, don idona ya cika. Wani mutum ne a Ingila ya sa shi a gwanjo, kuɗin da aka fara tayawa bai kai na kwanon abinci a can ba. Daga ranar na zama ɗan kallo.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, gwanjon ba kamar namu ba ne da dillali zai yi ta kiran farashi har sai an rasa mai ƙarawa. Mai kaya zai sa hoto da bayani, ya yanke ranar rufewa da minti, galibi kwana bakwai. Kowa ya yi tayinsa, wanda tayinsa ya fi yawa a lokacin da agogo ya cika shi ne da kaya, babu albarka babu a ƙara. Akwai kuma wani maɓalli da za ka danna ka sa kaya cikin jerin abubuwan da kake sa wa ido, ba tare da ka taya ko kwabo ba. Sau da yawa za ka ga mutum ashirin suna kallo, masu tayi biyu. To me sauran goma sha takwas ɗin suke yi?

Abu na farko, suna koyon farashi ne. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san akwai dattawan da ke zama tun safe, ba su zo da saniya ba, ba su kuma tafi da ita, amma ka tambaye su kuɗin bijimi a wannan makon su faɗa maka ba kuskure. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne farashi ba, kowa yana iya sa abin da ransa ya so. Farashi shi ne inda aka tsaya da agogo ya cika, kuma ba za ka san shi ba sai ka bi kaya iri ɗaya sau goma, sau ashirin, har ƙarshensu. Misali, kwabon Malam na 1936 sunan Sarki Edwad na Takwas ne a jikinsa, wanda ya hau a Janairu ya yi murabus a Disambar wannan shekarar. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma namu da yake masu huji ne ba su buƙatar hoton fuska, sai aka buga aka turo. Da na fara jin haka na ɗauka dukiya ce ta ƙone mana. Kallo ne ya nuna mini an buga su da yawan gaske, kuma duk mai kirarin cewa ba a samunsu yana neman baƙo ne.

Na biyu, abin da ba a cika samu ba ba ya sallama kafin ya fito. A jikin kuɗin nan akwai ƙananan haruffa da sai ka ƙura ido: H alamar masana'antar Heaton ce, KN ta King's Norton, duk a Birmingham, SA kuma Pretoria ta Afirka ta Kudu. Shekara ɗaya, kwabo iri ɗaya, amma wani harafin a cike yake da kasuwa, wani kuwa sai ka yi shekaru ba ka gan shi ba. A 1936 ɗin ma an yi wani kuskure a Heaton, aka haɗa fuskar kuɗin Afirka ta Gabas da bayan kwabonmu, kuma wannan shi masana ke farauta. Mai sayarwa da ya tsinci gwangwanin kakansa bai san wannan ba, zai zuba su duka a tebur ya ɗauki hoto ɗaya ya ce tsofaffin kuɗin Afirka. Masu kallo kuwa sai su yi ta faɗaɗa hoton suna bin su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana addu'ar Allah Ya sa shi kaɗai ya gani.

Na uku, maganar lokaci. Tunda agogo ne alƙali, gwanaye ba sa tayi da wuri don kada su ta da farashi su kuma tona wa kansu asiri. Sai saura daƙiƙa biyar ko uku kowa ya saki nasa. Kaya zai kwana shida ba motsi, a ƙiftawar ido ya ninka sau huɗu. Mu nan kuma ga namu ƙarin. Na Amurka a tsakar darenmu suke rufewa, da yawa daga masu kaya ba su aikowa Najeriya, kuma kafin PayPal ta buɗe mana hanyar biya a 2014 sai dai in roƙi wani ɗan ajinmu da ke karatu a Ingila ya ara mini shafinsa, in ya tashi zuwa hutu ya riƙo mini. Ba zan manta wani dare a 2006 ba. Na kwana a shagon intanet saboda aninin 1907, wanda aka yi da sanholo, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfen, kuma da sunan Najeriya a jikinsa shekara bakwai kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Bai jure yanayinmu ba, cinyewa yake, shi ya sa a 1908 aka koma farin ƙarfe, kuma mai kyau a cikinsu yake wuyar samu. Saura minti huɗu wuta ta ɗauke, kafin yaron shago ya ta da janareto an rufe kasuwa. Na fito da asuba ina rawar ɗari, ko kuɗin acaɓa ban rage ba.

Na huɗu, kallo makaranta ce, domin sayen kaya ta hoto cinikin biri a sama ne. Da yawan kallo za ka gane wanda aka goge da wanda yake da hasken asali, ka gane hoton da aka ɗauka a duhu don a ɓoye rauni. Ni da kuɗina na sayi wannan karatun. Kwabon farko da ya iso hannuna ya yi duhu, sai na sa toka da lemun tsami na dirje shi tas kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa kwanon tagulla. Da na nuna hotonsa ga wani da ya fi ni sani, ya ce na kankare rabin darajarsa da hannuna. A wurinsu wannan duhun shaidar shekaru ne, ba datti ba. Karatun nan kuma shi ya ɗan haska mini hanya a kan ukun da na manta. Tunda sai a 1952 aka fara buga masu hujin da jan ƙarfe, kuma na tabbata biyu ne kaɗai ja a tsirkiyar, to ukun nan duk kafin 1952 ne. Girmansu ma ina tunawa: anini ɗaya, ɗari ɗaya, kwabo ɗaya.

Waɗannan su ne dalilan kowa. Nawa kuwa, bakwai ɗin da na sani na daɗe da saye, na sami tsirkiya a wurin dukawa na zura su. Abin da ya rage shi ne nakan bi ɗari da kwabo shekara bayan shekara, 1937, 1941, 1943, 1945, ina kallon lambar ko Allah zai sa wata ta buɗe mini muryar Malam. Kun san halin da muke ciki a garin nan, inda yaro zai je neman takardar shaidar asali a ce ya koma garinsu, alhali kakan babansa a maƙabartar garin nan yake kwance. Ba na yaudarar kaina, kwabo ba hujja ba ne a kowane ofis, kuma ba don in yi jayayya da maƙwabtanmu nake tara su ba, kakanninsu ma irin wannan kwabon aka biya su a layi ɗaya da Malam. So nake dai in Hafsa ta tambaye ni, in iya jera mata shekarun gidanmu ba tare da giɓi ba.

A Babbar Sallar 2023 na je Bauci gai da ƙanwar mahaifina, wadda ta koma can bayan rikicin Janairun 2010. Ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Malam. Ban taɓa yi mata zancen ba, don a tunanina harkar maza ce, ga shi kuma ban taɓa jin an karanta tata shekarar a tsirkiyar ba, ina gudun kada in sosa mata rai. Ranar dai na ciro tawa na nuna mata. Ta juya ta a hannu ta ce, "Babana, guda nawa ka ce?" Na ce, "Goma ne, Gwaggo, uku sun ɓace mini." Ta ce, "Sha ɗaya ne." Ta tashi ta buɗe kwalla, ta kwance wani ƙullin tsumma, sai ga jan kwabo na 1952. Ashe ranar da za a kai ta ɗakin miji Malam ya kwance tsirkiyar ya zare nata ya damƙa mata, tun ba a haife ni ba. Duk 'ya'yanta tara sai da ta rataya musu shi a wuya tare da laya lokacin haƙori, kuma duk shekara sai ta dirje shi da toka. Sunan sarkin ya kusa shafewa, gefensa duk shaidar haƙora. Da za a sa shi a gwanjo, ko mai kallo ɗaya ba zai samu ba.

Na tambaye ta sauran ukun. Ta ce aninin ta sani, na wanda take bi ne, yaro namiji da aka haifa shekara uku kafin ita, ya rasu bai yi arba'in ba, kuma in Malam ya zo kansa ba ya cewa komai, wucewa yake. Nan take na tuna. Lallai akwai wanda in na karanta sai ya ce, "Na gaba." Shi ya sa ban riƙe shi ba, ba a taɓa ba ni labarinsa ba. Ɗarin da kwabon kuwa ta ce ba ta sani ba, sai dai yayyenta, su kuma ƙasa ta rufe musu ido.

Sai ta ɗaga tawa tsirkiyar ta ce, "To waɗannan naka, na su wa ne?" Na ce saye na yi daga Turai, ban san masu su ba. Ta ce, "Allah sarki. Wani gidan ne ya watse ke nan." Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tun daga ranar, duk hoton da na gani na kwabbai zube a tebur, nakan tuna cewa wani ne ya adana su shekara da shekaru don wani dalili nasa, ya mutu, na baya suka rasa ma'anarsu. Nakan rubuta wa mai kayan in tambaye shi inda ya samo. Yawanci ba su amsawa. Wata mata ta ce na mahaifinta ne da ya yi aikin jirgin ruwa yana zuwa Ikko, ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta sai ni.

Na roƙi Gwaggo kwabon, ta ce ba yanzu ba, akwai jikoki da ba su yi haƙori ba. Aninin 1949 dai na same shi bayan wata biyu, na zura shi a gurbinsa. Saura biyu. Wanda maiɗakina ta gani a daren nan kwabon 1943 ne, na kalle shi har aka rufe, bai ce mini komai ba.

'Yan uwa, roƙona gare ku shi ne, duk mai tsohuwa ko tsoho a gida ya je ya zauna a buɗe adaka da kwalla tun suna da rai. In kun ga masu hujin nan kada ku ba 'yan jari-bola a kan kilo, kada kuma ku goge su. Mai son ganin tsofaffin kuɗi, Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja. Amma abin da ke hannun tsohuwarku ba ya can, wato sunan mai shi da dalilin da ya sa ya ajiye. Ku tambaya, ku rubuta a takarda, ku ƙulle tare da shi. Wanda kuma kakansa ya zauna Gangare ko barikokin Bukuru tsakanin 1937 da 1951, ya ji wani labari na wani tela mutumin Kazaure, don Allah ya neme ni.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da garinmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai wani jiƙon in Allah Ya kai mu.

Wassalam.